Lirwanu Ya Gyara Mana Zaure

Sallama gare ku, 'yan uwana mata da mazan da ke laɓe suna karantawa. Wadda ta san ni ta gyara zama. Wadda yau ta fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice: sunana Shafa'atu, 'yar Anka ce ni, auta a ɗakin Inna, ina digiri na biyu a Zariya a kan adana tsofaffin gine-gine. Idan kin ce "a kan me?" kada ki ji kunya, haka dangina kaf suka ce. Gwaggo Hasana ta Bukkuyum da aka yi mata bayani sai ta ce, "Wato dai yaɓe. Anka kai ɗiya har Zariya ta koyo yaɓe." Ban musa mata ba, don ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Abu na farko da aka koya mana shi ne ginin ƙasa numfashi yake yi. Da damina ya sha laima, da rani ya fitar. Idan ka shafe shi da siminti, laimar za ta shiga ta ƙasa ta rasa ƙofar fita, bangon ya yi ta ruɓewa daga ciki alhali waje yana sheƙi, wata rana ya zube gaba ɗaya ba sallama. Malaminmu ya ce siminti a kan ginin ƙasa kamar ka sa wa mai zazzaɓi rigar leda ne. Ya maimaita mana wannan har ya kai in na ga buhun siminti a bakin titi sai na harare shi.

To, Lirwanu mai nemana, siminti yake sayarwa a Gummi. Siminti, kwano, rodi, tayil. Ni dai ban zaɓa da gangan ba.

Kada ku ce tilasta mini aka yi, ina son abina. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, ba ya ɗaga murya, ba ya zuwa zance da abokai suna yi masa amshi. Aibinsa ɗaya: in ka faɗa masa magana sai ya ce "To", ya tafi da ita gida ya yi ta juyawa. Tun farkon zuwansa ya tambaye ni, "Wai mi kuke karantawa can?" Ni kuma a lokacin ina jin kaina, ga sabon tabarau na saya, na ce, "Ba za ka gane ba." Ya ce, "To." Ya sake tambaya wani zuwan, na sake ba shi amsar nan. Daga nan bai ƙara ba.

Inna kuwa tun ranar da ya fara gaishe ta, ya durƙusa har ƙasa da shaddarsa mai tsada, ta gama yanke hukunci. Kullum na kira waya, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, "Karatun ga na da ranar ƙarewa kuwa? Ɗan mutane na ta jira, ke kina can kina ma bango hoto." Haka aka yi ta ja har aka tsayar cewa manyansa za su zo daga Gummi ranar wata Juma'a a sa rana. A zaurenmu za a tarbe su, kamar yadda aka tarbi na kowa a gidan.

Bari in gaya muku zauren nan. Kakana ya gina shi, mahaifina Malam Namadi ya gaje shi, a ciki ya karantar har ƙarfinsa ya ƙare. Bangonsa ya fi kamu biyu kauri. Rufinsa na azara ne da ƙasa, a lanƙwashe kamar an kifa ƙwarya, ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji kamar ka jingina da randa. A kansa nake rubuta kundin bincikena. A takarda na rubuta cewa na zaɓe shi ne saboda salon rufinsa. Wannan na malamai ne. Ku ga ainihin dalilin.

Duk shekara kafin ruwa ya sauka, Malam da kansa yake jagorantar yaɓen zauren, ciki da waje. A shekararsa ta ƙarshe jiki ya riga ya ƙi, amma ya ce a shimfiɗa masa buzu a ciki yana kallon masu aiki. Da aka kira la'asar ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta gaza, ya dafa bangon da bai bushe ba. Tafin hannunsa ya fito raɗau a jikin ƙasar, hannun dama in ka shigo, daidai ƙugu. Ba a rikita shi da na kowa, don ƙaramin yatsansa guntu ne, lauje ya cire rabinsa tun yana yaro. Kafin wani yaɓen ya zagayo an kai Malam makwancinsa.

Tun daga nan duk mai yaɓe in ya zo wurin sai ya kewaye. Ba wanda ya ba da umarni, ba kuma wanda ya taɓa ambaton abin. Gidan malamai ne gidanmu, ba a so a ce muna girmama sawu a bango. Sau ɗaya Yaya Abdulmalik, babban wanmu, ya kama ni na ɗora hannuna a kai, ya ce, "Ke, ki kiyayi bidi'a." Na kai ƙara wurin Inna, ta ce, "Ƙasa ta, Shafa. Malam na inda ya tahi, ki yi mishi addu'a." Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba. Ni dai na ci gaba da dafawa in ba kowa. Saboda hannun nan na je Zariya, ina so in koyi yadda zai kai har ga jikokina. Ban taɓa faɗa wa Lirwanu ba, kunya nake ji.

Abin da na faɗa masa shi ne tsagar da ta fito a bangon gabas. Na tura masa hotonta, na rubuta: "Ina tsoron daminar bana ta tafi da zauren nan. In ya faɗi ban san yadda zan yi ba." Har da ɗan hoton fuska mai hawaye. Ya rubuto: "To."

Da na san nauyin "To" ɗin nan da ban bar Anka ba.

Na tafi Bukkuyum aikin fili, in auna wasu tsofaffin rumbuna da soraye don kwatance. Na sauka wurin Gwaggo Hasana, wadda kullum da safe in na ɗauki igiyar awo da littafi take ce wa maƙwabta, "Injiniya za ta hita duba rumbun gero." Ina can saƙonnin Lirwanu suka fara canza launi.

"Ranki ya daɗe, yaushe za ki dawo?"

"Sai na gama. Lahiya?"

"Lahiya lau. Kada ki yi sauri."

Namijin da kullum yake cewa in dawo, yau yana cewa kada in yi sauri. Na nuna wa Gwaggo, ta ce ko dai mota ya saya mini ko kuma ya ga wata. Na kira Inna, na ji muryarta wasai kamar ranar Salla. Ta ce, "Yi aikinki a natse, ɗiyata." Inna ce fa ke cewa in yi karatu a natse. A nan ya kamata jikina ya ba ni.

Ranar Talata na shigo motar safe, don hanyarmu ba a yi mata yamma. Na sauka tasha, na hau babur, hijabina mai ruwan toka ya koma ja, jakar goyo a baya, ledar ƙuli-ƙulin da Gwaggo ta ba da a kai wa Inna a hannu. Mai babur ya tsaya ƙofar gidanmu na ce masa ya wuce, ba nan ba ne. Ya ce, "Ba gidan Malam Namadi kic ce ba?"

Nan ne.

Zauren ya koma toka-toka, sumul, kusurwoyinsa sun miƙe kamar na shagon caji. A gefe ga bandir ɗin kwano an jingine, ga kwalayen tayil, ga bokitan fenti ba a buɗe ba. Na shiga da bismilla. Sanyin nan babu, sai warin siminti. Na juya hannun dama, na duba daidai ƙugu. Sumul. Na shafa da hannuna ko zan ji ɗan tudu ko ɗan rami. Wanda ya yi aikin ya iya aikinsa, Allah ya isa ban ce ba, amma ya iya.

Ban yi kuka ba. Ƙuli-ƙulin dai na tarar a ƙasa, ban san lokacin da na sake shi ba.

A tsakar gida Inna na zaune kan tabarma ta ci ado da rana tsaka, atamfa kore mai zanen ganye wadda ba ta fitowa sai suna ko biki, ɗankwali an kafa shi gaba. Ta ce, "Kin gani? Kin ga abin da yaron ga yay yi muna? Motoci biyu sunka zo da kaya. Ya ce ke kic ce zauren na damunki, shi ko ba ya iya barci in abu na damunki. Jibi za a yi fenti, a kwashe rufin ga na ƙasa a sa kwano. Baƙi su zo Juma'a su iske gida kamar gida."

Na ce, "Inna, hannun Malam fa?"

Ta gyara ɗankwalin da bai goce ba. Ta ce, "Ga tuwo can na aje miki, miyar sure ta. Ki ci tun da zahi."

Yaya Abdulmalik ya shigo daga sakatariya da hularsa a hannu, fuska fal fara'a. Ya ce ya riga ya yi wa Lirwanu godiya a gaban jama'a bayan sallar azahar, liman ma ya sa albarka. Na ce, "Yaya, simintin nan kashe bangon zai yi. Damina biyu, uku, zai zube. Dole a cire."

Ya dube ni kamar na ce a cire masa haƙori. "A cire? Mutum ya yi muna alheri, garin ga duk an sani, ki ce a cire? Da wane baki za ni hwaɗa mishi? Ke Shafa'atu, boko na da amfani, amma ba a shiga da shi ko'ina. In kin kunyata yaron ga, kin kunyata gidan ga." Ya sa hularsa ya fita ta cikin sabon zauren, har yana shafa bangon.

Na shiga ɗaki na zauna bakin gado da hijabin tafiya a jikina. Wayata ta yi ƙara.

"An ce kin iso. Kin gani?"

Ga hoton fuska mai murmushi har uku. Lirwanu bai taɓa tura uku ba.

'Yan uwa, ku gaya mini, me ake rubuta wa mutumin da ya kashe maki abu saboda yana son ki? Na rubuta "Na gode", na goge. Na rubuta "Wa ya aike ka?", na goge. Haushinsa nake ji har wuya, kuma tausayinsa nake ji, kuma can ƙasa na san wadda ta ce "ba za ka gane ba" har sau biyu. Mai sayar da siminti aka nuna wa tsaga. Me zai kawo, zuma?

Bayan la'asar na daure na rubuta masa komai. Numfashin bango, laima, rigar leda. Sannan na rubuta abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: buzun Malam, kiran sallar, guntun yatsa, hannun dama in ka shigo, daidai ƙugu. Na ce saboda shi nake karatun nan. Na rufe da cewa, "Yana ƙarƙashin simintinka. In ba a cire ba, ya tafi." Na tura kafin zuciyata ta hana ni.

Alama ta yi shuɗi. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Na zuba wa wayar ido har Inna ta leƙo ta ce ko aljanu ne a ciki. Can saƙo ya shigo.

"To."

A nan ne ya kamata in ƙara layi ɗaya. A ajinmu an koya mana yadda ake cire siminti daga ginin ƙasa: da 'yar ƙaramar kurfi, irin cizal ɗin kafinta, kaɗan-kaɗan kamar mai ɓare dafaffen ƙwai, ana yi ana tsayawa, aikin makonni. Na ci jarrabawa a kan wannan, maki mai kyau ma. Amma na ɗauka "To" ɗin nan na fushi ne, na ɗauka Juma'a ta rushe, sai na kifa wayar na ja bargo na yi kukan da ban yi da rana ba.

Washegari da hantsi ina tsakar gida da kofin kunu, ido a kumbure, Inna na shara ba ta kula ni, sai muka ji dum! Ƙasa ta amsa. Kaji suka watse. Dum!

Na zari hijabi na sa shi a bai-bai, na fita da takalmi wari ɗaya nawa, wari ɗaya na Inna.

Lirwanu ne a cikin zaure. Farar shadda ce a jikinsa, sabuwa, da ganin karin guga wadda ya tanada don Juma'a ce, ya naɗe hannayenta har gwiwa, hula a aljihu. Motar farko ya biyo daga Gummi. A hannunsa guduma ce, ba ƙarama ba, irin wadda ake fasa dutse da ita. Kuma ya bi kwatancena tsaf: hannun dama, daidai ƙugu. Yaya Abdulmalik na bakin ƙofa da jallabiya yana cewa, "Lirwanu, mi an nan? Lirwanu, ka yi haƙuri, yarinya ta!" Maƙwabta sun fara taruwa.

Na buɗe baki na ce, "Tsaya!"

Gudumar ta riga ta taso.

Wani falle na siminti mai faɗin faifai ya ɓalle ya faɗo. Bai faɗo shi kaɗai ba, ya taho da fatar bangon. Inda hannun Malam yake sai rami, jar ƙasa na zubowa daga ciki siri-siri kamar gari daga rariya. Na tsaya ina kallo har ta daina zuba.

Lirwanu ya dubi ramin, ya dube ni. Ya ce a hankali, "Ina shi?"

Na ce, "Ka fasa shi."

Ban ɗaga murya ba. Da na ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ƙura ta kwanta masa har a gashin ido. 

Sai ga Inna. Inna da ba ta taɓa taka zaure in da maza a ciki ba, ta shigo da mayafi a kai da tsintsiyarta a hannu. Ba ta dubi kowa ba. Ta ce, "Ku kauce in share, hanya ta." Ta sunkuya ta ɗaga fallen simintin za ta jingine shi gefe. Ƙasar da ke manne a bayansa ta zube. Ta tsaya. Ta hura. Ta kama gefen mayafinta ta goge, ta sake gogewa.

Lokacin da aka watsa simintin yana ɗanye, ya shiga kowane lungu na sawun ya bushe a haka. A bango rami ne hannun. A bayan simintin ya fito tudu, kamar na mai rai ya miƙo: tafi, layukan tafi, yatsu huɗu, da guntu.

Tsintsiyar ta faɗi. Inna ta durƙusa a ƙasa a gaban surukin da bai zama suruki ba, a gaban ɗanta na fari da maƙwabta, ta ɗora tafinta a kan na Malam, yatsa bisa yatsa. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, ba da kowa take ba, "Tun da anka hita da shi ban ƙara riƙa hannun ga ba."

Yaya Abdulmalik ya juya ya fuskanci titi. Bai ce bidi'a ba. Kafaɗunsa dai na gani suna rawa.

Inna ta ɗago ta dube ni, ido jawur, murya kuwa yadda take kullum. "Ke da anka kai Zariya. Wanga ana adana shi?"

Duk zaman da na yi a aji, ba ranar da aka koya mana adana siminti. Abokin gaba ne, cire shi ake yi a zubar. Na ce, "Ana adanawa, Inna."

Ta rungume shi a ƙirji, nauyi ne da shi amma ba ta ce a taya ta ba, ta shige gida. Yaya ya kori maƙwabta da hannu, ya bi bayanta yana gunaguni a kan inda baƙin Juma'a za su zauna.

Saura ni da Lirwanu, da rami a bango, da sauran simintin da ya rufe zauren ciki da waje, ga gabas ta fara haɗa hadari. Kada ku tambaye ni ko na yafe masa, ni ma ban sani ba. Abin da na je Zariya dominsa ya tafi, hannun Lirwanu ne ya kashe shi, kuma hannunsa ne ya miƙa wa Inna abin da ni da digirina ban taɓa tunanin tana nema ba. Ya tsaya kansa a ƙasa, farar shaddar nan ta tashi daga aiki. Can ya ɗago.

"Shafa'atu," ya ce, "don Allah, wai mi kuke karantawa can?"

Na gyara hijabina da ke bai-bai, na jawo kwalin tayil ɗinsa na zauna a kai, na nuna masa ɗayan.

Na ce, "Aje gudumar tukuna."